Ranar da Haƙorin Inna Ya Daina Ciwo

A makon da soja suka miƙa mulki ne haƙori ya sa Inna a gaba. Ina gida a Gyaɗi-Gyaɗi ina wankan jego, ita ke dafa min ruwa, kumatunta ɗaure da kallabi. Inna mace ce mai baki, ko tsintsiya ta faɗi sai ta sha faɗa. Ciwon bai rage mata komai ba. Ta cusa kanumfari, ta kurkure da ruwan gishiri, haƙorin na nan yana zugi.

Sai ƙanwar Baba, Gwaggo, ta zo daga Tarauni da wani tsoho mai cire tsutsar haƙori. A soro aka yi aikin. Ya ɗora katangar fasasshiyar tukunya a garwashi, ya barbaɗa wasu ƙananan ƙwayoyi, ya kifa mazurari, Inna ta buɗe baki hayaƙi na shiga. A ƙasa akwai kwano da ruwa. Can sai ga wasu farare sirara suna yawo a ciki. Na leƙa, na kau da kai.

"Sun fita, Hajiya," in ji tsohon. "In ciwo ya ɗauke, an gama. Kumburi da kansa zai sauka, kar a bari a taɓa shi da ƙarfe."

Washegari kuwa ciwo ya ɗauke ɗif. Gwaggo ta yi ta cika baki, har da cewa asibiti sai su bar mutum da giɓi a banza. Mu duka muka yi hamdala.

Abin da ya fara damuna shi ne shirun gidan. A waje maza sun kewaye rediyo ana rantsar da sabon gwamna, 'yan acaɓa na ta hon, a tsakar gidanmu ba ka jin komai. Kumburin bai sauka ba, gangarawa ya yi ƙarƙashin haɓa, ya yi tauri kamar ƙwarya. Da hantsi na tarar da ita zaune ta jingina da bango, ta miƙo wuya gaba, yawu na ɗiga a zaninta. Inna, wadda ba ta barin ko ƙuda a bakin kofi. Harshenta ya ɗago ya cika baki.

Ta kira sunana. Muryar ba tata ba ce, wata mai kauri ce daga can ƙasa. Na ja da baya, na rungume jaririyata. Wallahi tsoron uwata na ji.

Gwaggo ta ce tsutsa ta fita, wani abu ya samu ƙofa ya shiga. Aka karɓo rubutu. Inna ta kurɓa, ya dawo ta gefen baki.

Maƙwabciyarmu, malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna, ta shigo ganin jaririya. Ba ta ƙarasa gaisuwa ba ta tsaya tana saurare. A lokacin ni ma na ji: duk numfashin da Inna ta ja, wani siririn fito ne ke biyo shi.

"Mama, a tashi yanzu," ta ce wa Gwaggo. "Haka yayana ya zauna da safe. Bai kai yamma ba."

Gwaggo ta ce mai jego ba ta fita. Na miƙa mata jaririya, na yafa mayafi. Tasin da muka tara zuwa asibiti ta maƙale a cikin jerin gwanon masu murna, suna dukan motar suna dariya, Inna na zaune sambal tana kallonsu, ta ƙi yarda a kwantar da ita.

Likita ya tambaye ni yaushe ciwon ya ɗauke. Da na faɗa masa, bai yi faɗa ba. Ya ce haƙorin mutuwa ya yi, shi ya sa ya yi shiru, mugunyar kuma ta sauka wuya tana shaƙe ta. Yana maganar ana tura gadon, ita a zaune a kai.

Sun tsaga ƙarƙashin haɓar, sun cire haƙorin, sun huda maƙogwaro suka sa mata bututu. Kwanaki ba ta magana, iska kawai ke shiga tana fita ta wannan ramin. Nakan zauna nesa da gadon, a bakin ƙofa, ina cewa zafi nake ji.

Ranar da aka cire bututun, nas ta nuna mata yadda za ta toshe wurin da yatsa in tana son magana. Inna ta daɗe tana kallona a inda nake tsaye. Ta ɗora yatsa a wuya, murya ta fito a shaƙe, da ƙyar.

"Matso," ta ce. "Ni ce."