Akushin da Ya Dawo a Rufe

Ƙarar ɗaurin leda ce ta tayar mini da wannan magana. Bazarar da ta wuce na je Gummi duba ɗan yayana, ya nace sai ya zaga da ni wuraren cin abinci na gari, wai in ga ci gaba. Na bi shi don kada a ce na gwasale yaro. Wuri uku muka shiga, kuma zan faɗa maka su bi da bi.

Na farko gidan abinci ne mai ƙofar gilashi, janareta na ruri a bayansa. Kowa da teburinsa, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, babu mai ce wa wani bismilla. Shinkafar ta sha mai har tana ƙyalli, naman kuwa an soya shi jiya an sake soya shi yau. Na biyu shagon kayan gwangwani ne da kaji a firji, kajin da ba ka san wanda ya yanka su ba, balle ranar da aka yanka. Na ukun ya fi ba ni haushi: rumfar lemon haɗi. Wani saurayi yana jefa kankana da abarba da madarar gwangwani da ƙanƙara cikin injin markaɗe, ya tsiyaya wani koren ruwa daga kwalba, ya soka tsinken roba, ya kira abin da wani suna da bakina ya ƙi ɗauka. Na kurɓa sau ɗaya. Sanyi ya sare mini haƙori, zaƙi ya tsaya mini a maƙogwaro, ƙishirwa kuwa tana nan inda na baro ta.

"Baffa, bari a ƙulla maka na tafiya gida," in ji yaron. Kafin in hana, mai rumfar ya zaro baƙar leda ya murɗe bakinta. Na san wannan ƙarar. A ƙofar gidanmu na fara jin ta, ina ɗan shekara goma sha biyu ko kusa da haka.

Ƙauyenmu yana gefen Bukkuyum. Idan bazara ta kama, ƙasa takan yi zafin da ba a taka ta babu takalmi, rijiya ta ja baya, rumbu ya kusa kai gindi. A wannan lokacin ake gane macen da ta iya riƙon gida, kuma Inna, mahaifiyarmu, ta iya. Ranarta a jere take, ba ta taɓa sauya jerin ba. Da asuba surfe. Da hantsi farau-farau a ƙwarya, don masu gyaran gona su jiƙa maƙoshi. Da azahar dawo, wato fura. Nono kan yi wuya a bazara, domin Fulani sun kora shanu kudu neman ciyawa, sai ta jiƙa tsamiya ta dama da ita, da ruwan randar da ta binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi. Ludayi uku za ka sha ka ji zufa ta tsaya. Da la'asar kwaɗon busasshen zogale da ƙuli-ƙuli, ko hoce, gasasshiyar wainar dawa, idan an sami sarari. Bayan magariba tuwon dawa miyar kuka, daddawarta ta gida.

Rabon tuwo ma da tsarinsa. Takan jera kwanoni a gaban murhu, mara a hannunta. Akushin Baba farko. Sai kwanon Kaka, mahaifiyar Baba. Sai na Yaya, babban wanmu, wani farin kwano mai shuɗin baki wanda ba mai taɓa shi sai shi. Sai namu na yara. Ita ce ƙarshe, ita da ƙanzo.

Akushin Baba ba a cikin gida ake cinsa ba. Waje yake fita, wurin ciyayya. Magidanta biyar na unguwarmu ke zama a tabarma ɗaya gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu, kowa da akushin gidansa. Ba a buɗe su gaba ɗaya. Na wanda ya fi shekaru ake fara buɗewa, a sa hannu tare, a ture shi, sannan a jawo na mai bi masa. Tsohon maƙerin unguwa shi ne babba, Baba shi ne ƙarami, saboda haka namu ne na ƙarshe kullum. Maza ba sa yabon miya, ba sa kushe ta. Amma mata suna karanta akushi idan ya dawo. Wanda ya dawo a suɗe, mai shi ta kwana da farin ciki. Wanda ya dawo da saura, ta san sai ta gyara hannu. Wanda zai dawo a rufe, ba a ko ɗaga faifansa ba, a lokacin ban taɓa jin labarinsa ba, domin wannan zagi ne da ba ya bukatar baki.

Sai zinari ya bayyana a dajinmu. Baƙi suka cika gari, daga wurare masu nisa, da injinan niƙa dutse da hausarsu wata iri. Mutanen da ba su da mata a kusa dole su ci a wani wuri, sai rumfunan abinci suka tsiro a bakin hanya kamar ciyawar farkon damina: mai shayi, mai taliyar leda da ƙwai, mai shinkafa da kaza, mai lemon kwalba cikin ƙanƙara. Ban ga laifin baƙo ba idan ya ci a rumfa. Laifin ɗan gari nake gani, wanda hayaƙin murhun uwarsa yake hangowa daga inda yake zaune.

Yaya ya bar gona ya shiga ramin haƙar zinari. Da farko yakan dawo da yunwa ya share kwanonsa. Daga baya ya fara rage loma biyu, sai rabi. Inna ta tambaye shi sau ɗaya.

"Cikinka lafiya?"

"Lafiya lau, Inna. Zafi ne."

Ba ta sake tambaya ba. Ta dai ƙara daddawa, ta ƙara tankaɗe garin sau biyu.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Bukkuyum ce. Yaya ya dace da dutse mai kyau a makon. Ita kuma Inna, da ta ga kwana biyu yana rama, sai ta buɗe ɗan kwalbar man shanun da take ɓoyewa tun kaka, ta kwarara sauran a kan tuwon ranar. Na fitar da akushin Baba na ajiye a ƙarshen layi, na koma gefe wurin yara da kwanonmu. Tsohon maƙeri ya wanke hannu ke nan zai ɗaga faifansa, sai ga Yaya a kan babur. Ya sauko da manyan ledoji baƙaƙe guda biyu, ya durƙusa ya gaida dattawa, ya ajiye su a tsakiyar tabarma, gaban akushin kowa. Ya kwance bakinsu. Shinkafa ce ja, da soyayyun kaji, da robobin wani lemo mai ƙanƙara.

"Mi ke ga wanga?" in ji tsohon maƙeri.

"Ɗan abin taɓawa ne, Baba. Allah ya buɗa mani, na ce ku sa albarka."

"Wace ta dafa?"

"Daga gidan abinci na sawo."

"Ashe abinci ma ya yi gida nashi na kanshi," in ji tsohon. Aka yi dariya. Baba bai yi ba.

Ina so ka fahimci halin da ake ciki. Ƙarshen bazara ne, wata biyu ba wanda ya ga nama a unguwar. Ƙamshin kazar nan ya cika gindin bishiyar. Dattawa suka dubi juna, ɗaya ya miƙa hannu, saura suka bi. Baba kaɗai ya naɗe hannunsa a kan gwiwa. Da suka gama da leda suka sha lemo, kunya ta sa suka koma kan tsari. Aka buɗe na maƙeri aka taɓa. Na biyu aka taɓa. Na uku loma ɗai-ɗai. Na huɗu da ƙyar. Da aka zo kan namu, sai mai bi wa maƙeri ya yi gyatsa ya ce alhamdulillahi, ciki ba shi da sauran wuri. Aka yi addu'a aka tashi sallar isha'i.

Baba ya yafito ni, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗauki akushin nan ka kai wa tsohuwar bayan masallaci. Juye mata duka. Kada ka shiga da shi gida sai wayam. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Amma akwai cinyar kaza a aljihuna, wadda Yaya ya miƙo mini a ɓoye, kuma mai ya fara ratsa rigata. Bayan masallaci da ɗan nisa, ga karnuka. Na ce bari in ajiye akushin a bakin zaure daga ciki, in cinye cinyar a bayan rumbu, sannan in kai. Ina cikin tsotsar ƙashi na ji an ja akushi a ƙasa.

Inna ce. Kuma ba ita kaɗai ba ce a tsakar gida, akwai matan maƙwabta biyu da suka shigo ɗibar wuta. Ta ji nauyinsa tun kafin ta buɗe. Ta ɗaga faifai a gaban fitila. Malmala uku suna zaune yadda ta jera su, man shanun ya daskare a kai, ko yatsa bai shiga ba. Matan suka leƙa, suka dubi juna, suka ce sai da safe. Kafin gari ya waye, babu gidan da bai ji ba: ɗan gidanmu ya sawo wa dattawa abincin rumfa, tuwon uwarsa ya dawo a rufe.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta kamo hannuna ta shinshina, ta sake shi. Kwana uku ina cin ɗumamen tuwon nan da safe, ni kaɗai, har ya fara tsami, kuma tana tsaye a kaina sai na cinye.

Washegarin dawowar akushin, da magariba, ta jera kwanoni. Akushin Baba, kwanon Kaka, namu. Farin kwano mai shuɗin baki ta wanke shi ta kife a saman rumbu. Yaya ya shigo ya duba layin sau biyu.

"Inna, ina nawa?"

"Mai ciyar da unguwa kuma mi zai yi da kwano?"

"Wallahi alheri na yi nufi."

"Da alheri ka yi nufi, da ɗanya ka kawo mani ita. In dafa, in zuba ga akushin ubanka, ta fita da sunan gidanga. Sai ka ɗauko tukunyar wata ka aza gaban tawa. Koma wurin innarka ta bakin titi, ta san gishirinka."

Kaka ta sa baki daga ƙofar ɗakinta, ta ce yaro ne, a yi haƙuri. Ta ce wa Yaya ya durƙusa ya ba uwarsa haƙuri, gobe ya auno shinkafa ya kawo madafa, magana ta mutu. Abin da ake nema a wurinsa ke nan, ba ƙari. Amma aljihunsa da nauyi a lokacin, kuma abokansa na jiran sa a waje da babur. Ya ce shi bai ga abin da ya yi ba, mutum ya ciyar da dattawa a ce ya yi laifi. Ya fita. Kafin ruwan farko ya sauka ya kama ɗaki a Anka.

Ciyayyar ma ba ta daɗe ba bayan haka. Samarin sauran gidajen suka ga abin Yaya ya burge, kowa ya samu sai ya zo da leda. Matan suka fara rage tuwon waje, tunda ba a cinyewa. Da tsohon maƙeri ya rasu, ba wanda ya sake shimfiɗa tabarmar.

Sai bayan shekara shida Yaya ya dawo gida da niyyar gyara. Rami ya cinye masa ƙarfi, ya yi aure, ya haifi yaron nan da ya zaga da ni Gummi. Ya zo da buhun shinkafa ɗanya da kaji biyu masu rai, ya sauke a bakin madafa, ya durƙusa. Inna ta amsa gaisuwarsa da kyau, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Ta sa aka yanka kajin, ta dafa da hannunta, ta raba bisa tsari. Da ta zo kan nasa, sai ta shiga ɗaki ta ɗauko langa mai murfi, wadda ake fitarwa idan an yi baƙo daga nesa, ta zuba masa, ta sa aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma a zaure. Ya daɗe yana kallon langar. Sannan ya cinye tas. Da zai tafi ta raka shi har bakin zaure ta ce, "An gode da ziyara. A gaida mutanen gida."

Damina biyu bayan nan ta rasu.

Akwai masu cewa ta tsananta. Ni ban ce ba. Wanda bai taɓa tsayawa gaban murhu a tsakiyar bazara ba, da garin da aka auna da tafin hannu, ba shi da bakin magana a nan. Ina da nawa kason a laifin, na sani. Da na bi maganar Baba, da akushin ya dawo wayam, da wataƙila faɗan kwana biyu za a yi. Baba bai taɓa tona ni ba har ya koma ga Allah, ni ma ban taɓa gaya wa Yaya ba.

Yanzu abinci ba shi da uwa. Ana dafa shi don kowa, saboda haka ba a dafa shi don kowa ba. Idan ka rage, ba wadda za ta kwana tana tunanin ko cikinka lafiya; a kwata za a zubar, a wanke farantin a ba na bayanka. Yaran yanzu sun san sunan lemo iri goma, ba su san wanda ya kamata a fara zuba wa ba. A gidana dai na kafa doka: duk abin da zai shiga cikin wani a gidan, ta madafa zai bi.

Yaya yana nan da rai, ya tsufa kafin lokacinsa. Mukan haɗu da salla ko wurin jana'iza. Duk sanda muka keɓe, sai ya kewaya ya kewaya, ya yi zancen ruwa da farashin taki, sannan ya yi tambayar da ya zo da ita: ko a ciwonta na ƙarshe Inna ta ambaci kwanonsa, ko ta ce a sauko da shi. Ni na yi jinyarta, ya san ni kaɗai zan sani. Kuma na san amsar da yake so, kalma ɗaya ce, ba za ta ci mini komai ba.

Nakan ce masa a'a, ba ta ambata ba.