Ranar da Umma Ta Turara Gilasan Bincikena

Ko zan manta komai na shekarun karatuna, ba zan manta ranar da na dawo daga Sandamu na tarar da ɗakina ya turnuƙe da hayaƙi ba.

Lokacin ina digiri na biyu. Aikina shi ne yi wa haske hanya a kan ƙananan gilasai. A shafa wa gilashi wani ruwan roba, a gasa shi, a fitar da layuka da ba su kai kaurin gashin kai ba, haske ya riƙa bi ta cikinsu kamar ruwa a bututu. Wata bakwai ina fama kafin guda shida suka yi kyau. Ko numfashi ba a yi a kansu sai da takunkumi. Wata jami'a zan kai su a auna, kuma da sakamakon zan kammala a shekarar. Na biya ta gida Daura in kwana biyu, na bar su a rufe cikin akwati, na tafi Sandamu barkar haihuwa.

Ina ɗaga labule na ga Umma ta kifa kwando a kan kasko, ta baza kayana suna shan turaren wuta, yadda take yi wa duk 'yarta da za ta koma makaranta. A saman mayafina, ga gilasaina a jere.

"Sai warin asibiti suke yi," in ji ta. "Har na goge miki su da gefen zanena."

Innalillahi. Na zauna daɓas a ƙasa. Na ɗaga ɗaya a hasken taga, maiƙon turare ya dafe shi, layukan duk sun kakkarce. Haka duka shidan.

Da ta ga fuskata, sai ta ce: "Jiya na tambaye ki mene ne a ciki, kika ce ba zan gane ba."

Haka na ce mata kuwa, ina danna waya.

Sai da na ƙara shekara guda cur a makaranta. Amma abin da ya fi ci mini rai, tun ranar Umma ba ta sake taɓa kayana ba. Na ƙannena kawai take turarawa, nawa sai ta tsaya daga bakin ƙofa ta yi mini addu'a. Na koyi cewa duk wanda ya isa ya buɗe akwatina saboda ƙauna, ya isa in zauna in yi masa bayanin abin da ke ciki.