Ruwan da Ya Ƙi Fita Daga Injin Sallau

Yayana Sallau mai ɗinkin buhu ne a kasuwar albasa ta Malanville. Tun yana saurayi ya baro Gaya ya ƙetaro gada da basilla a aljihu, kuma har gemunshi ya yi fari bai koyi wata sana'a ba. 'Yan dako su cika buhu, shi ya ɗinke baki, a jefa cikin kamiyo, wato babbar motar kaya, a kawo na gaba. Mutum ne da ko rediyonshi ta yi shiru ba ya taɓa ta, sai ya rungume ta ya kai wa mai gyara. To wanga bawan Allah ne anka jarrabta da injin wanki. Ni ce Habsatu, ƙanwarshi, ina aure a Garou, kuma abin da zan faɗi a gabana anka yi mafi yawanshi.

Matarshi Hadijatu mace ce mai tsabta har ta ba mutum haushi. Sa'ad da take da lafiya, in na zo ranar kasuwa sai ta dubi ƙafata kafin ta dubi fuskata, ta ce, "Mutanen ƙauye sun iso, a naɗe tabarma." Ni ko in ce mata ai tabarmar ta yayana ce. Haka muke wasanmu shekara da shekaru. Sai wata safiya ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. An yi na gidan likita, an yi na gida, magana ta dawo kaɗan-kaɗan, amma ƙafa ba ta dawo ba. Abin da ya fi ci mata rai kuwa, ba ta iya riƙe fitsari, wani sa'in har da bayan gida.

Gidan haya suke zaune, ɗaki na kallon ɗaki, kowa na jin tarin kowa. Hadijatu ta sa Yaya ya yi mata alkawari cewa ba wanda zai ga zannuwanta da shimfiɗarta in sun ɓaci, ba maƙwabci, ba mai wanki, ba dangi. Na ce, "Har ni?" Ta ce har ni. Na ji zafin maganar ƙwarai, amma na gane ta, don ko ni ce haka zan yi. Mutanen gidan sun san ba ta tashi. Sauran lalurar ba su san da ita ba, kuma wanga rufin asiri shi kaɗai ya rage mata a duniya.

Da farko da hannu Yaya yake wankin, a ɓoye cikin bayinsu, har fatar yatsunshi ta fara tsagewa, basilla na kuɓuce mishi a kasuwa. Ɗiyarsu Nafissa da ke aure a Cotonou ta ji labari, ta sayi injin wanki wanda anka taɓa aiki da shi, irin mai ƙofar gilashi a gaba, ta sa shi cikin kamiyon da ya sauke albasa zai komo arewa. Anka ajiye shi a ɗan ɗakin da ke manne da bayi, anka jawo mishi ruwan pampo, tiyon zubar da ruwa anka zura shi ramin bayi. Yaya ya rataya tsohon zane a kan gilashin don kada wani ya leƙa.

Ranar farko injin ya tashi tafiya. Wallahi tafiya, yana tsalle yana nufar ƙofa, Yaya ya rungume shi ta baya yana salati. Ashe daɓen ɗakin ne ba daidai ba, ƙafa ɗaya na lilo. Sai da ya gwada bulo, ya gwada tsohon takalmi, kana ya gano ƙafafun da kansu ana murɗa su su yi tsawo ko su gajarta. Bayan nan ya zuba garin sabulu cike da gwangwani, wai don kayan su fita sosai, kumfa ta yi ta fitowa ta aljihun sabulu har ta rufe mishi idon sawu. Wata rana kuma injin ya ƙi shan ruwa sam. Ya yini yana zargin kuran, wato wutar lantarki, ashe yashi ne ya toshe wata 'yar rariya a bakin tiyon shiga. Ya cire ta ya goge da asawaki. Duk wanda ya gyara cikin waɗanga, in ka tambaye shi yadda ya yi, sai ya ce shi ma bai sani ba, ya dai taɓa wani abu ne.

To sai ranar da na zo kasuwa da shinkafata na biya gidan da hantsi, na iske shi tsugune gaban injin ya yi tagumi. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ɗan ɗaga zanen. Ruwa ne tsaye cikin gilashin, baƙi-baƙi, kaya na nutse a ciki. Wata 'yar fitila ja tana ƙiftawa, injin yana gunji can ƙasa-ƙasa amma ba ya juyawa. Ya ja ƙofar, ta ƙi. Tun jiya, in ji shi. Kuma jiyan yana sauri ne, bai ɗauraye kayan ba kafin ya zuba, alhali ranar cikin Hadijatu ya ɓaci.

Na ce, "A kira Khalidu mana." Khalidu shi ne mai gyaran firij da ke kusa da tasha, injin wanki ma yana taɓawa.

Yaya ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "In ya zo, mi zai fara yi?"

Nan take na gane. Buɗewa zai yi, ba wani abu ba. Kuma shimfiɗun Hadijatu kusan duk suna ciki, wadda take kwance a kai ita ce ta ƙarshe.

Ya riga ya nemi shawara tun da safe, nan ne ma aka yi ɓarnar. Ya gamu da Halliru, mai gyaran injin ban-ruwa na masu shinkafa a wajenmu, ya tambaye shi a kaikaice: in inji ya ƙi tura ruwa, yaya ake yi? Halliru ya ce ai wanga sananne ne, iska ce ta shige shi, ɗura mishi ruwa ake yi har ya cika, sai ya kama. Gaskiya ya faɗi, don haka ake yi wa injin fadama. Yaya kuwa ya komo gida ya jawo aljihun sabulu ya yi ta ɗura buta bayan buta. Ruwan da yake ƙasan gilashi ya hau har tsakiya, injin bai kama komai ba. Na ce, "Yaya, garin neman gira ka rasa ido." Ya ce shi ma sai da ya ji abin bai kwanta mishi ba, amma Halliru ai malamin inji ne.

Munka cire wayar kuran munka mayar. Fitila ta ci gaba da ƙiftawa. Munka murɗa maɓallin nan mai zagaye zuwa kowane rubutu da ke jikinshi, ni ba Faransanci ba, shi ba Faransanci ba. A wani wurin ya yi ƙara, a wani ya ƙara shan ruwa, har na fasa ihu na ce ya kashe. Na buga mishi tafin hannu a gefe, yadda ake yi wa tocila. Hadijatu daga ɗaki tana jin duk abin da muke yi, kuma shi ya fi komai damuna.

Da na ga rana na yi, na ce to ba za mu kawo Khalidu ba, amma ai ba a hana mu zuwa wurinshi ba. Munka hau kabu-kabu. Yaya ya fara da cewa wai wani abokinshi ne yake da inji. Na ce, "Haba Yaya, garin nan kowa ya ga ranar da anka sauke shi." Khalidu ya yi dariya ya ce ya bari ya ɗauko kayan aiki mu tafi tare. Yaya ya ce a'a, ɗakin mata ne, uwar gida ba ta da lafiya. Yaron kirki ne, bai ja ba. Ya ce ƙofar ba ta lalace ba, haka anka yi ta, muddin da ruwa a ciki ba ta buɗewa. Mu fara duba tiyon baya ko ya lanƙwashe. In ba shi ba ne, a ƙasa ta gaba akwai 'yar ƙofa, bayanta akwai murfi mai murɗawa, nan datti ke taruwa ya hana ruwa wucewa. A cire kuran tukuna, a tara tire, a murɗa kaɗan, ruwa ya cika tiren, a rufe, a zubar, a sake. Ya maimaita kaɗan ɗin nan har sau nawa. Abin da bai sani ba, don ba mu faɗa mishi ba, shi ne yawan ruwan da Yaya ya ƙara.

Munka komo. Tiyon baya lafiya lau. 'Yar ƙofar kuwa sai da munka neme ta kamar allura, ashe tana nan gabanmu, launinta ɗaya da jikin injin. Yaya ya ɓamɓare ta da bakin cokali. Ga murfi. Na tara tiren shayi, ya kama ya murɗa, ya ƙi motsi. Ya ce ko dama ake yi? Na ce hagu. Ya ce Khalidu dama ya nuna da hannu. Na ce ai yana fuskantarmu ne sa'ad da ya nuna. Munka tsaya muna gardama, kowa na juya hannu a iska, har na rasa ina ne hagun nawa. Ya naɗe murfin da tsumma, ya tokare ƙafa a bango, ya ba shi ƙarfin mai ɗinkin buhu.

Murfin ya fito gaba ɗaya a hannunshi.

Innalillahi! Ruwa ya yi tsartuwa ya ture tiren, ya malale ɗakin. Ya yi ƙoƙarin mayar da murfin, wani dunƙulen zaren buhu da ya fito tare da shi ya hana shi zama. Zarenshi ne, daga aljihun rigar da yakan haɗa cikin wankin. Na cire kallabina na toshe ƙasan ƙofa, amma ina! Daɓen nan da ba daidai ba waje ya karkata. Ruwan ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fita tsakar gida, da warinshi da komai.

Lokacin kuwa gidan cike yake. Samiha, matar Alasan mai ɗakin da ke kallon nasu, tana tsintar shinkafa a tabarma, mijinta na alwala, wasu mata biyu na kitso. Na ji Samiha ta ce, "Subhanallahi, wanga wane irin ruwa ne?" Sai ta sassauta murya, irin sassautawar da kowa ke ji, ta ce, "Wayyo, ko dai Inna Hadijatu ce abin ya kai ga haka?"

Ban san sa'ad da Yaya ya tashi ba. Ya buɗe ƙofa ya tsaya, wandonshi jiƙe har gwiwa, ya ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba. Ya ce, "Ku yi haƙuri, jama'a. Kayana ne. Na daɗe ina fama, tsufa ya zo mini ta nan, ba na iya riƙewa. Shi ya sa ɗiyata ta aiko da injin."

Alasan ya sunkuyar da kai yana ta zuba ruwa a ƙafar da ya riga ya wanke. Ɗaya daga cikin masu kitso ta danne baki da gefen zane. Samiha ta ce, "Allah ya ba da lafiya, Baba," ta ja tabarmarta gefe. Ni kam na tsaya riƙe da tire, kaina ya ɗaure, har na fara tambayar kaina ko gaskiya ce ya faɗi ban sani ba.

Ya ɗauki tsintsiya ya share tsakar gidan da kanshi, ya zuba toka, ya kora da ruwa. Da munka komo ciki na rufe ƙofa na hau shi da faɗa ƙasa-ƙasa. Na ce ya san abin da ya jawo wa kanshi? Ya san bakin kasuwar albasa? Ya tsince zaren daga ramin, ya mayar da murfin ya murɗa, ya tambaye ni ko ya ɗauru. Ya sa kuran. Injin ya yi wani ɗan ƙas, ƙofa ta buɗe. Ya ce in juya baya, na juya. Na leƙa wurin Hadijatu kafin in tafi, na iske ta fuskanci bango, kafaɗarta mai lafiya na rawa.

Kafin kasuwa ta sake zagayowa labari ya kai har Garou, wata ma ni ta tara da shi tana yi mini jaje. A ɗan masallacin rumfar albasa, da in liman bai zo ba Yaya ake turawa gaba. Yanzu an daina, ba tare da kowa ya ce mishi komai ba. Na wuce ta wurin da azahar na hango shi a sahun baya, can ƙarshe bakin ƙofa, an bar 'yar tazara tsakaninshi da na kusa da shi. Raina ya ɓaci har idona ya kawo ruwa. Na jira anka sallame, na tare shi yana neman takalmi, na ce, "Yaya, har yaushe za ka zauna a haka?"

Ya ce, "Nan ya fi mini kusa da hanya. Matsa in wuce, na bar kaya a inji."