Sandunan da Suka Ƙi Rabuwa

Shekara ashirin da bakwai Mai Awo ya yi yana auna masara a cibiyar gwajin iri, har mutane suka manta yana da wani suna. Mutum ne da ba ya iya zama. Ko shayi a tsaye yake sha, kujerar ofishinsa kuwa fayil-fayil ne ke hutawa a kanta. Matarsa takan ce sai ya zagaya tsakar gida sau uku kafin ya yarda ya sa hannu a kwano.

Da sikeli da littafi ya fara. Sai da furfura ta fito masa aka kawo kwamfuta, aka ce daga yau da rubutun umarni za a riƙa zana jadawali. Tsararrakinsa suka ja da baya. Shi ya koya da yatsa biyu, yana karanta kowane layi a bayyane. Abin da ya fi kwanta masa a manhajar shi ne 'yan sandunan da ake tsayarwa a kan kowane ɗigon awo a jadawali, masu nuna iyakar inda awo zai iya kaucewa, sama ko ƙasa.

Ranar da ake magana, kwamitin amincewa da iri zai zauna ƙarfe goma sha biyu. Dakta, shugabar sashen, ta yi shekara shida tana renon wani sabon irin masara. In kwamiti ya yarda ya fi tsohon yabanya, bana zai shiga hannun manoma. Jadawalin da zai nuna hakan yana wurin Mai Awo.

Ƙarfe tara ya danna umarni. Sandunan suka fito zaƙo-zaƙo, sun kai saman shafi, sun kusa taɓa ƙasa, ɗigon ya zama kamar ƙuda a jikin gora.

Dakta na tsaye a bayansa. Ta ce, “Baba, wannan jadawali ne ko shingen gona?”

“Akwai abin da ban yi daidai ba, ranki ya daɗe.”

“To cire su mana. Ɗigon ya isa.”

“A ba ni awa ɗaya.”

Ya fita. Ya shiga sito ya duba sikeli, bai ga aibinsa ba. Ya dawo ya buɗe littafin awo, ya rufe, ya leƙa taga, ya sake buɗewa. Ya je famfo ya wanke hannun da bai taɓa komai ba. A karatu na huɗu, yana bin layin awon da yatsa, ya tsaya.

Tun zamanin littafi, mafi ƙaranci da mafi yawa yake rubutawa a gefen kowane awo: kilo arba'in, ƙasa talatin da bakwai, sama arba'in da uku. Haka ya miƙa wa manhajar. Ita kuwa tazara take so, wato uku ƙasa, uku sama. Sai ta ɗauki talatin da bakwai ɗin a matsayin tsawon sanda, ta ja iya ƙarfinta.

Ya gyara. Sandunan suka tsuke, suka zama 'yan daidai. Ya yi ajiyar zuciya, amma ba ta kai ƙarshe ba. Ɗigon sabon iri yana saman na tsoho da kilo biyu, sai dai fiye da rabin sandarsa yana cikin sandar tsohon, wato ba a iya rantsewa cewa sabon ya fi.

Dakta ta dawo sha ɗaya da rabi. Ta daɗe tana kallo.

“Waɗannan ma kuskure ne?”

“A'a. Waɗannan haka gona ta ba mu.”

“Da ka bar na farkon, da na sami wanda zan ɗora wa laifi.” Ta yi 'yar dariya, ta janye fayil-fayil ta zauna a kujerarsa. “Layin umarni ɗaya ne fa, Baba, in ka goge sandunan sun tafi.”

“Bai ma kai layi ba. Kalma ɗaya ce.”

“Babu mai tambaya a kwamitin nan. Ka san su.”

Mai Awo ya je bakin ƙofa ya dawo. Ya ce, “Fili huɗu muka shuka, ranki ya daɗe. Ɗaya ruwa ya kwanta a ciki. Wanda za a kai wa irin nan fili ɗaya gare shi.”

Ya buga takardar jadawalin da sandunanta, ya ajiye a gabanta, ya matsa gefe. Saura minti biyar ta miƙe, ta ɗauka, ta fita ba ta dube shi ba.

Awa ɗaya da rabi yana kai da komo a barandar ɗakin taro, mai shara na kauce masa da tsintsiya. Da aka buɗe ƙofa, Dakta ce ta fara fitowa.

“Sun ce a sake gwaji wata damina. Fili goma sha biyu.” Ta miƙa masa takardar. “Kai za ka auna, buhu-buhu, ko bayanka zai karye.”

“To, ranki ya daɗe.”

Mako biyu ta yi tana amsa gaisuwarsa da kai kawai. Shi kuwa tun washegari aka hango shi a bayan cibiya da igiya da turaku, yana neman inda ruwa ba ya kwanciya.