Shafin Bayan Malam Alkasum

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, 12 ga watan Maris 2006, Allah ya karɓi ran Malam Alkasum Labo a Birnin Konni, mai jaridar tallan nan ta kyauta, Kunnen Kasuwa, wadda ke fitowa kowane mako.

Baba Alkasum, na je gidan makokinka. Da ka ga masoyanka! Manyan 'yan kasuwar hatsi sun cika tabarmin gaba, kowa na rantsuwa cewa ba a taɓa yin mutum kamarka ba. Na gane fuskokinsu sarai.

Jaridarka ba ta siyasa ba ce. Tallan siminti ce da taki da kekunan ɗinki, sai cigiyar jakin da ya ɓace a Bazaga, wadda ba ka taɓa karɓar ko dala a kanta ba. Amma a shafin baya kana buga farashin tiyar hatsi na Konni da Tsarnawa da Illela, da boko da ajami. Abin da ya rage kuma ka raba wa mata masu ƙosai su yi ƙunshi. Da na dawo daga jami'ar Yamai na yi maka tsiya a kan haka, sai ka ce: "Ɗiyata, ofis na aje takarda cikin durowa. Ƙosai kuwa har gona yake zuwa." Haka manomi ya riƙa sanin farashi kafin dillali ya buɗe baki.

A yunwar bara, lokacin da 'yan kasuwar hatsin nan suka kulle rumbuna suna jiran tiya ta ƙara tsada, suka aiko ka cire shafin. Ka ƙi. Suka janye tallansu gaba ɗaya. Jarida ta koma falle guda, ka sayar da babur, ka riƙa bin kasuwanni a amalanken jaki da ciwon ƙirjinka. Ban ce su suka kashe ka ba, ajali na Allah ne. Amma na san waɗanda suka gajiyar da kai.

Ba a ko tashi daga zaman makoki ba, ɗayansu ya ja 'yarka Nazifa gefe: "Yarinya, talla za ta dawo. Shafin bayan nan kawai za ki bari." Ta ce: "Alhaji, a gama addu'a tukuna."

Masu karatu, amsarta ita ce wannan jarida da ke hannunku yau. Filin da kuke karanta wannan ta'aziyya, da nan ne tallarsu za ta zauna, shi ya sa na samu wuri har haka. Ku juya takardar ku ga shafin baya.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Hajiya Sahiya, uwargidan Baba, da Nazifa, Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin gwiwa. Amin.

Surayya Takama, Birnin Konni