Turaren Nirmal-da

Nirmal Pramanik bai iya zama ba. Ko shayi yake sha a tsaye yake shansa, ƙafa ɗaya tana rawa. Shekara ashirin da shida yana hawo jirgin ƙasa daga Barasat zuwa Kolkata, yana kula da kaset-kaset a wani asibitin ɗaukar hoton ƙashi da ciki. Kullum hotunan marasa lafiya na biyo waya zuwa ɗan ɗakinsa mai sanyi, na'ura ta naɗe su a kaset don ajiya. Da kunne yake sanin lafiyar na'urar, kuma yana ji da wannan kunne nasa fiye da kima.

To, bana aikin awa huɗu ya koma awa goma sha ɗaya. Na'urar ta ja, ta tsaya, ta koma baya, ta sake ja. Nirmal ya kasa kunne sau ɗaya ya yanke hukunci.

"Yunwa take ji. Ba a kawo mata abinci da sauri. Laifin waya ne."

Mai kula da wayoyin kuwa Tanushree Haldar ce, wata shida da ɗaukarta, ba a ma tabbatar da ita ba. Ta canja waya, ta auna, ta kawo masa takarda. Nirmal-da take ce masa, wato Yaya Nirmal.

"Nirmal-da, don Allah duba, layina lafiya lau."

"Ke yarinya, ina wannan aiki kina shan nono. Takarda za ki nuna min?"

Manaja Ghoshal, wanda ake ce wa Ghoshal-babu don girmamawa, ya gaskata tsoho. Ya ce in Juma'a ta yi ba a gyara ba, Tanushree ta nemi wani wurin.

Maganar ta hana Nirmal sakat. Ranar Alhamis da hantsi, don dai ya tabbatar wa kansa, ya cire na'urar daga layi gaba ɗaya, ya ba ta hotuna kai tsaye daga kwamfutar da ke gefenta. Ta ja, ta tsaya, ta koma baya. Ya sa sabon kaset. Haka. Ya zagaya ɗakin ya fi sau goma kafin ya ɗauko sukundireba.

Da ya buɗe murfin, ya goga farin ƙyalle a mashigar iska, ƙyallen ya fito da danƙo ruwan ƙasa. Ya kai hanci. Ƙanshin turaren sandal.

Wata takwas ke nan da rasuwar matarsa Mithu. Gidan ya yi masa faɗi, shi ya sa ya kawo hotonta nan, ya ɗora a kan kantar da ke saman na'urar, kowace safiya ya kunna mata turaren tsinke guda biyu ya rufe ƙofa. Ita kuwa na'ura tana zuƙar hayaƙin, har kan da ke rubutu a kaset ya dafe, sai ta rubuta abu sau uku kafin ya zauna. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

Yana iya gogewa ya yi shiru, gobe a ce abu ya gyaru da kansa. Sai dai sunan yarinyar ya riga ya ɓaci a wurin manaja. Ya naɗe ƙyallen ya hau bene wurin manaja.

"Ghoshal-babu, sansana wannan."

"Mene ne kuma? Kai Nirmal, turare kake sayarwa yanzu?"

"Shi ne ciwon na'urar. Nawa ne. Yarinyar nan ba ruwanta."

Ranar Juma'a kaset ya gama cikin awa huɗu, ba tsayawa. Tanushree ta leƙo da shayi kofi biyu, ta ga kantar wayam.

"Nirmal-da, ina hoton Boudi?" in ji ta, wato matar Yaya.

"Yana cikin jakata. Gida za ta koma." Ya karɓi shayin, ya nemi kujera ya zauna. "Da ma ba ta taɓa son sanyi ba."