Ranar da Na Farke Ƙwallon Ƴan Matan Kolej

Abubuwa da yawa sun same ni a Gure waɗanda yau ko shekararsu ba na iya tunawa, amma ranar da na sa wuƙa na farke ƙwallon ƴan mata a gaban iyayensu maza, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da la'asar muke karatu, a cikin kolej ɗin da autata take. In mun tashi sai in zauna bakin fili in jira ta, don a shekarar an kawo wani malamin wasanni, mushe kamar yadda muke kiran malaman boko, da ya zo da ƙwallo mai siffar gwanda, wadda ake kira zari-ruga. Autata doguwa ce, tun tana ƙarama take jan guga a lambunmu na kwari, in ta rungumi ƙwallon nan sai mutum uku sun taru kafin su kayar da ita. Mushe ya sa ta cikin waɗanda za su je wasa Damagaram. Yarinyar da ba ta taɓa wuce Gidigir ba!

Wata rana ina zaune ya tara su yana ba su tarihin wasan. Ya ce a wata makaranta ta Ingila aka fara shi. Ana cewa wani ɗalibi ne ya gaji da shuri, ya sunkuci ƙwallo ya ruga, ko da yake ba kowa ya yarda da wannan labari ba. Da farko turereniya ce kawai, jama'a ba iyaka, har da harbin ƙwauri. Daga baya aka hana harbin, aka rage yawan masu wasa, aka koyi miƙa ƙwallo hannu zuwa hannu, kowa yana ba na bayansa. Sannan ya ƙara da cewa ƙwallon farko mafitsarar alade ake hurawa a rufe da fata, kafin a koma roba.

Ni na ji zancen daga kansa har gindinsa. Yara kuwa rabi suka kai gida. Kafin Juma'a ta zagayo, ko a wurin masu niƙa maganar ke nan: ana sa ƴaƴanmu rungumar mafitsarar alade, su zo su yi salla da hannun. Maigidana ya ce auta ba za ta ƙara taka filin ba, balle Damagaram. Na yi masa bayani, ya ce, "Ke daga fara karatu har kin san cikin ƙwallon Turawa?" Yarinya ta shige ɗaki, ko tuwo ta ƙi ci.

Direktan kolej ya kira taron iyaye a inuwar bishiyar bedi. Na taho kai tsaye daga lambu, wuƙar yankan rogo tana cikin kwandona. An ɗora ƙwallon a kan tebur, kowa ya ja baya kamar an ajiye mushen jaki. Malamin ya yi ta rantsuwa, amma baƙo ne, Hausarsa ba ta nuna ba, ba mai sauraro. Wani Alhaji maƙwabcinmu, wanda shi ma ƴarsa tana cikin wasan, ya sa sanda yana ture ta.

Na miƙe na ce, "Alhaji, ka taɓa ganin cikinta?"

Ya ce, "Allah ya tsare ni!"

"To yau za ka gani."

Maigidana ya ce, "Ke, zauna mana, taron maza ne." Na ce masa ni na haifi yarinyar, ba taro ba. Da malamin ya ga na zaro wuƙa sai ya daka tsalle: "Inna, don Allah! Ita kaɗai gare mu!"

Na ce, "Ɗana, ita kaɗai ɗin ma wa zai ƙara taɓa ta in ba a buɗe ba?"

Na ɗauko ƙwallon daga kan tebur. Maganar mushe kaɗai na riƙe, ban taɓa gani da idona ba, kuma in na yi kuskure na kunyata kaina na kashe wa yaran wasa. Na yi bisimilla na bi ɗinkin da wuƙa. Iska ta fita fuuu, wani tsoho ya toshe hanci. Na zura yatsu na jawo abin da ke ciki, na miƙa wa mai facin tasha, da yake shi ma uba ne a wurin. Ya ja, ya shinshina, ya ce, "Wallahi roba ce, ƙanwar wadda ke cikin tayar moto. Wannan ko ni na iya liƙe ta."

Dariya ta ɓarke. Alhaji bai sakar ba, ya ce, "To asalinta fa?"

Na ce, "Asalinta masu ita sun yar tun kakanninmu ba su zo duniya ba. Sun bar alade, sun bar harbin ƙwauri, sun gyara abinsu. Mu ne za mu bi su juji mu tono? Kai da kake shan ruwan jarka, ina salkar kakanka?"

Ya ce, "Ke dai bakinki ya fi wuƙar kaifi." Ya ajiye sanda ya ɗauki fatar ƙwallon da hannunsa yana juyawa. Maigidana kuwa, sai da muka kama hanya ya tambaye ni ko auta tana da takalmin tafiya.

Mai faci ya liƙe robar, baduku ya mai da ɗinki. Ƙwallon ta ɗan karkace, in ta faɗi ƙasa ba mai sanin inda za ta nufa, amma da ita suka yi ta horo har ranar tafiya. A Damagaram an ci su, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai autata ta ratsa ƴan birni ta dire ƙwallo a bayan layi, ta dawo da gwiwa a kurje tana washe baki. Yanzu ita ke koya wa ƙanana.

Abin da na koya shi ne, tsoro ba ya jin rantsuwa, ba ya jin dogon bayani. In mutane sun firgita da abu, a kawo shi tsakiyar fili a buɗe kowa ya sa ido, ko da buɗewar za ta jawo asara. Kuma ba a hukunta abu da yadda ya fara, sai da yadda yake a hannunka yau.